Kwana Huɗu a Cikin Ƙanƙara: Glacier Express, Bernina ko Jungfrau?

Ranar wata Asabar bayan Isha'i ina zaune a shagon yayana a Agege, fanka na ta kaɗo mana iska mai ɗumi, sai ya miƙo mini wayarsa. Bidiyon wani jan jirgin ƙasa ne a ƙasar Suwizalan yana ratsa fili fari fat, ko ɗigon ƙasa ba ka gani, duwatsu sun sha rawanin dusar ƙanƙara.

"Sau uku ke nan Hajiya na turo mini wannan," in ji shi, yana nufin matarsa. "Ta ce shekara ashirin tana shan gumin Legas, bana sai ta damƙi ƙanƙarar nan da hannunta. Wani mai shirya tafiye-tafiye a Ikeja ya ce in biya Glacier Express kawai, magana ta ƙare. Kai da ka je sau biyu, me ka gani?"

Na ce, "Yaya, kwana nawa ne a hannunka?"

"Huɗu. In na matsa, biyar. Ba zan bar wa yara shago ya wuce mako ba."

Na sake kallon bidiyon. Jirgin da ya tafi da hankalin Hajiya ma ba Glacier Express ba ne. Tafkin da ya daskare a gefensa Lago Bianco ne, kuma layin Bernina ne ke bi ta bakinsa. Daga nan hira ta yi tsawo har aka rufe shago, kuma abin da na gaya masa a daren shi ne nake rubutawa, don na san ba shi kaɗai ne ke wannan lissafin ba.

Duk wanda ya ce zai je kallon duwatsun Alps na ƙasar Suwizalan ta jirgin ƙasa a lokacin hunturu, abu uku za a ajiye masa a gaba. Akwai Glacier Express, mai tashi daga Zermatt zuwa St. Moritz. Akwai Bernina Express, daga Chur ya tsallaka duwatsu ya sauka Tirano a Italiya. Sai kuma jirgin da ke hawa Jungfraujoch daga yankin Interlaken. A hoto duk kamar abu ɗaya ne: farin dutse, taga mai faɗi, kofin shayi. A ƙasa kuwa, tafiyoyi ne iri uku da ba su haɗa hanya ba, kuma mai kwana huɗu ba zai yi su duka ba sai in ya zo ne don ya gaji.

Abin da masu sayar da tafiya ba su cika faɗi ba shi ne gajartar yini. Mu a Legas rana ba ta yi mana rowa: ta fito wajen bakwai saura, ta faɗi wajen shida da rabi ko bakwai, shekara ta zagayo. A Zurik kuwa, birni mafi girma a Suwizalan, a ƙarshen Disamba rana ba ta fitowa sai bayan takwas na safe, kuma kafin biyar saura kwata ta faɗi. Awa takwas da rabi ke nan. A cikin kwaruruka ma abin ya fi haka, don dutse na tare rana tun kafin ta kai ga faɗuwa. Agogonka ba zai canza ba, domin a hunturu lokacinsu da namu ɗaya ne, amma za ka duba ka ga huɗu da rabi, ka ɗaga kai ka ga Magariba ta kawo jiki. Duk zaɓin da za ka yi, da wannan ma'aunin za ka auna shi kafin ka zo kan kuɗi.

To, mu ɗauki Glacier Express, tunda shi ne mai suna. Tun 1930 yake aiki. Tafiyar kilomita 291 ce, yana haye gadoji 291, ya ratsa ramukan dutse 91, ya hau har mita 2,033 a mashigar Oberalp. Kuma yana cin kusan awa takwas. Su da kansu suna yi masa kirari da cewa a cikin jiragen da ake kira masu sauri babu mai nawarsa a duniya. Jirgin Legas zuwa Ibadan, daga Ebute Metta zuwa Moniya, kilomita 157 ne, kana sauka kafin awa uku. Ka ninka wannan zaman sau uku, shi ne yinin da za ka yi a kujera ɗaya.

Ba zan rage masa daraja ba. Tagoginsa sun kai har rufi, ana kawo maka abinci mai zafi a kan tebur, akwai abin saƙalawa a kunne da ke ba ka labarin duk inda kuka wuce. Hawan Oberalp a tsakiyar hunturu abin gani ne: an rufe hanyar mota, babu komai sai fari, jirgin na jan jiki a kan layi mai haƙora kamar tsohon da ke hawa bene. Kwazazzabon kogin Rhine tsakanin Ilanz da Reichenau, inda fararen duwatsu suka tsaya a kan ruwa mai launin kore-kore, shi ma ya isa a tsaya masa. Ga dattijo mai ciwon gwiwa, ko wanda ba ya son saukar jirgi da hawan wani da akwati a hannu, babu kamarsa.

Amma awa takwas na jirgi a cikin yini mai awa takwas da rabi, ka ga inda gizo ke saƙar. Jirgin na tashi wajen tara saura na safe, ya isa wajen biyar na yamma. A Disamba da farkon Janairu, sa'ar ƙarshe cikin duhu-duhu za ka yi ta, kana kallon fuskarka a gilashi. Sannan tashoshinsa biyu duk a ƙuryar ƙasa suke. Daga Zurik zuwa Zermatt ya fi awa uku, daga St. Moritz ka dawo Zurik ma haka. Wato yini guda na zuwa, yini guda na jirgin, rabin yini na dawowa, kuma dole ka kwana a garuruwa biyu da ke cikin mafiya tsadar otal a ƙasar. St. Moritz ta karɓi gasar Olamfik ta hunturu a 1928 da 1948, kuma har yau farashinta na attajirai ne.

Akwai kuma abin dariya a sunan. An raɗa masa shi ne saboda daskararren kogin ƙanƙara na Rhone, wanda fasinjoji ke gani a da lokacin da jirgin ke hawa ta saman Furka. A 1982 aka buɗe ramin da aka huda ta ƙasan dutsen, mai tsawon fiye da kilomita 15, don jirgin ya riƙa aiki har da hunturu. Tun daga lokacin ta cikin rami ake wucewa. Abin da ya ba jirgin suna, ba ka ganinsa daga cikinsa. Kuma a lura, yana hutun gyara daga tsakiyar Oktoba zuwa cikin Disamba, don haka mai shirin Nuwamba ya cire shi daga lissafi.

Yaya ya ce, "To gadar nan fa mai lanƙwasa da jirgi ke fita daga kanta ya faɗa cikin dutse? Ita ce a jikin takardar da mutumin ya ba ni."

Ita ce Landwasser, kusa da Filisur, tsayinta mita 65. Kuma a nan ne maganar ta juya, domin Bernina Express ma ta kanta yake bi. Daga Chur zuwa kwarin Engadin layi ɗaya jiragen biyu ke hawa, layin Albula. Abin da ake tallar Glacier Express da shi, kana samunsa a Bernina, da safe, rana na haskawa.

Bernina tafiyar kilomita 144 ce, awa huɗu da 'yan mintoci, gadoji 196, ramuka 55. Rabin lokacin wancan, amma ya fi shi hawa sama: mita 2,253 a tashar Ospizio Bernina. Don ka gane tsayin, Jos ba ta wuce mita 1,200 da 'yan kai ba, kuma Chappal Waddi na Taraba, wanda ya fi kowane dutse tsayi a Najeriya, mita 2,419 ne. Kana zaune da kofin shayi, saura ƙiris ka kai ƙololuwar ƙasarmu. Layin siriri ne, faɗinsa mita ɗaya cif, bai ma kai tsohon layin dogonmu na Legas zuwa Kano ba, kuma yana wannan hawan ba tare da haƙora a tsakiya ba, ƙafa da ƙarfe kawai. A 2008 hukumar UNESCO ta sa layukan Albula da Bernina cikin kayan tarihi na duniya.

Abin da ya sa na fi son sa shi ne babu inda yake barin ido ya huta. Ka bar Chur bayan takwas kaɗan, ka wuce Thusis, ka haye Landwasser. Tsakanin Bergün da Preda jirgin na shiga dutse ya yi ta kewaya a ciki don ya sami tsayi, ka fito ka ga ƙauyen da ka bari a dama ya koma hagu, ka sake shiga ka fito ka gan shi can ƙasa kamar an zubar da ashana. A wannan yankin ne a Oktoban 2022 kamfanin da ke da layin ya haɗa taragu 100, jirgi mai tsawon kusan kilomita biyu, ya kafa tarihin jirgin fasinja mafi tsawo a duniya. Bayan Pontresina sai ƙanƙarar Morteratsch ta bayyana ta dama. Daga nan itatuwa su ƙare. Sai fari. Lago Bianco ya daskare, dusa ta rufe shi, ba ka iya cewa ga inda ruwa ya tsaya ga inda tudu ya fara. Ranar da na bi, iska na kwasar dusar tana watsawa a kan layi kamar yadda iskar hunturu ke kwasar rairayi a hanyar Gashuwa, wani yaro ɗan Indiya a kujerar gaba ya manna hanci a gilashi har numfashinsa ya yi tabo.

A Alp Grüm, mita 2,091, jirgin kan ɗan tsaya mutane su sauka su ɗauki hoto. A nan Hajiya za ta damƙi ƙanƙararta. Daga nan sai gangara, lanƙwasa bayan lanƙwasa, zuwa Poschiavo inda harshe ya koma Italiyanci, sai gadar Brusio da ke zagaye kanta kamar gammo, sai ga jirgi ya shiga tsakiyar titin Tirano yana wuce motoci da wata tsohuwar majami'a. Tirano mita 429 ce kacal. Cikin ƙasa da awa biyu ka sauko mita 1,800, ka cire hula da safar hannu. Riƙe fasfo a aljihu, ka shiga wata ƙasa, kuma kuɗinsu yuro ne, ba faran na Suwizalan ba.

Aibinsa ɗaya: in ka ce za ka je ka dawo Chur a yini guda, ka koma gidan jiya, awa takwas a zaune, kuma ƙarshen dawowar cikin dare. Maganin wannan shi ne abin da na fi so in gaya wa mutane, don shi ne ke rage kashe kuɗi. A kan wannan layin akwai jiragen gama-gari da 'yan ƙasa ke hawa, kusan kowace awa, ja ne su ma, kamfani ɗaya. Dutsen da mai Bernina Express ke gani shi kake gani. Ba ka biyan kuɗin kama kujera, wanda dole ne a taragun alfarma na jiragen biyu, kuma a Glacier Express ya kai wajen faran 50 kan kowane mutum bayan kuɗin tikiti. A jirgin gama-gari kana iya tashi daga dama ka koma hagu, ka sauka a Alp Grüm ka yi awa guda ka hau na baya, kuma a wasu taragun taga na buɗuwa. Manyan tagogin alfarmar nan a rufe suke ruf, in ka ɗauki hoto rabinsa inuwar fitilar rufi ce da hular wanda ke bayanka. Ni shawarata ka tafi da Bernina Express da safe don jin daɗin, ka dawo da na gama-gari a lokacin da ka ga dama. In kana gangarawa kudu, ɓangaren dama ya fi kallo.

Shi ma Glacier Express ana iya gutsurarsa haka. Daga Chur ka hau na gama-gari ta kwazazzabon Rhine zuwa Disentis, ka canza, ka haye Oberalp ka sauka Andermatt, ƙasa da awa uku. Ka ci naman ka bar ƙashin. Abin da kawai za ka rasa shi ne Zermatt da dutsen Matterhorn, kuma wannan rashi ne na gaske, ba zan ɓoye ba. Dutsen mita 4,478 ne, tsaye shi kaɗai kamar an fiƙe shi, garin kuma ba a shiga da motar mai, sai 'yan ƙananan motocin lantarki. Daga can jirgin Gornergrat, wanda ke aiki tun 1898, na kai ka mita 3,089 cikin rabin awa da 'yan mintoci. Wanda Matterhorn ne ya kawo shi, ya tafi Zermatt kai tsaye ya kwana biyu, ba sai ya biya awa takwas na jirgi ba.

Jungfraujoch wani abu ne daban, kuma kuskure ne a jera shi da waɗancan kamar sa'anninsa. Waɗancan hanya ce kake kallo, wannan kuwa wuri ne kake zuwa. Ita ce tashar jirgin ƙasa mafi tsayi a Turai, mita 3,454, an buɗe ta a 1912. Mafi yawan hawan ƙarshe a cikin dutse ake yin sa, ta cikin Eiger da Mönch, ba abin da kake gani sai bango. Daɗin yana sama: ka fito ka tsaya a kan ƙanƙara, ga Aletsch, kogin ƙanƙara mafi tsawo a duk Alps, ya miƙe a gabanka. Tun Disamban 2020 akwai keken igiya, irin na Obudu amma babba, da ke ɗaukar mutane daga Grindelwald zuwa Eigergletscher cikin minti 15, ya rage tsawon tafiyar sosai.

Ga iyali Musulmi, Interlaken na da abin da Chur da Zermatt ba su kai ta ba. Larabawan yankin Gulf sun daɗe suna zuwa can, don haka gidajen abincin halal ba su da wuyar samu, mace mai hijabi kuma ba wanda zai waiga ya kalle ta. Daga Zurik awa biyu ne. In ka biyo ta Luzern, jirgin da ke haye Brünig zuwa Interlaken shi kansa kallo ne, tafki bayan tafki, kusan awa biyu. Mai yara ƙanana da ke son wasa da dusa, ya sauka otal ɗaya ya ajiye kaya ya yi ta fita yana dawowa, nan ne wurinsa.

Sai dai abu biyu. Na farko caca ce da sararin sama. Tikitin zuwa da dawowa daga Interlaken ya haura faran 200 ga wanda ba shi da rangwame, faran kuwa ya fi dala tsada, sai ka buga da naira ka ji. A zuwana na farko na sayi nawa tun ina Legas, don gudun kada ya ƙare. Ranar ta zo da hazo. Na hau har sama, na fito, ban ga komai ba sai farin bango, ko mutumin da ke taku biyar a gabana sai dai in ji muryarsa. Na sha shayi mafi tsada a rayuwata na sauko. Akwai kyamarori a saman da ke nuna yanayin wurin kai tsaye a intanet da allunan tasha. Ka duba da safe, in ka ga shuɗin sama ka saya, in ba haka ba ka yi wani abin. Bernina ko da gajimare akwai abin gani, don kana ratsa ƙauyuka da dazuzzuka da gadoji. Jungfraujoch in ta rufe fuska, ta rufe.

Na biyu ya fi muhimmanci, kuma mu ya fi shafa. Mutumin Legas a bakin teku yake zaune. Ka ɗauke shi cikin kwana biyu ka kai shi mita 3,454, inda iskar shaƙa ta ragu da kusan kashi ɗaya cikin uku, zai ji kai na sarawa, ƙafa ta yi nauyi, matakala goma ta zame masa aiki. Ga mai lafiya wannan na wucewa da zarar an sauko. Ga mai sikila kuwa tsayi da sanyi duk suna tayar da ciwon, kuma ko mai AS an san tsayi irin wannan na iya taɓa masa saifa. Mai hawan jini, mai ciwon zuciya, mai juna biyu, duk su ga likita kafin su sa wannan a shiri. Da na faɗi haka Yaya ya yi shiru, don Hajiya AS ce, kuma tana shan maganin hawan jini. Ko Bernina ma na ce su tambayi likitanta, duk da cewa can mintoci kaɗan ake yi a sama kafin a gangara.

Maganar tikiti ba ta da tsawo. Swiss Travel Pass na kwana 3, 4, 6, 8 ko 15 ne, kana hawa jirgi da bas da jirgin ruwa ba tare da sayen tikiti ba. Ya ɗauke maka kuɗin tafiya a Glacier Express da Bernina har Tirano, ban da kuɗin kujera. A Jungfraujoch kuwa iyakarsa Grindelwald ko Wengen, daga nan rangwamen kashi 25 kawai yake ba ka, a Gornergrat rabi. Saboda haka mai shirin Chur da Bernina, wannan fas ɗin ya biya shi. Mai shirin Jungfrau ya gwada lissafi da katin rabin kuɗi, Half Fare Card, sau da yawa shi ya fi sauƙi. Yara 'yan ƙasa da shekara 16 na tafiya kyauta tare da iyaye in an karɓi katin iyali. Manhajar SBB, kamfanin jiragen ƙasa na Suwizalan, a waya na nuna maka kowane jirgi da layin da zai tsaya. Kuma in an rubuta 8:58, to 8:58 ne. Na taɓa tsayawa sayen ruwa, na juyo na ga bayan jirgina.

Biza ta Schengen ce, kuɗinta yuro 90 tun tsakiyar 2024, da inshorar lafiya da ta kai yuro 30,000, kuma ana iya nema tun wata shida kafin tafiya. Ana nema ne a ofishin ƙasar da za ka fi daɗewa a cikinta. Wannan ya buɗe wata ƙofa ga 'yan kasuwarmu masu zuwa Milan sarin takalma da jakunkuna: daga Milan zuwa Tirano awa biyu da rabi ne a jirgin ƙasa, ka hau Bernina daga ƙasa zuwa sama, ka kai St. Moritz, ka dawo ka kwana a Italiya inda otal da abinci suka fi araha. Ga wanda ya riga ya je Milan, wannan ba ta da abokiyar gasa. Daga Legas dai zuwa Zurik ko Milan, galibi akwai canjin jirgi a hanya, ta Istambul, Doha, Adis Ababa, Faris ko Frankfurt, don haka kwana huɗun nan a ƙirga su daga ranar sauka.

Sai abin da babu takardar talla da za ta gaya maka. A Disamba Azahar na shiga wajen sha biyu da rabi, La'asar biyu da 'yan mintoci, Magariba kafin biyar. A Glacier Express biyun farko duk a cikin tarago za su same ka, ga maƙwabci a gefe, ga tebur a gaba. A Bernina kana isa Tirano wajen ɗaya saura, ka yi alwala a natse, ka yi kasaru. Abinci kuma a yi tambaya. Narkakken cukun nan da suke alfahari da shi, fondue, yawanci da giya ake dafa shi. Miyar sha'ir ta yankin Chur akan sa mata naman alade, soyayyen dankalinsu rösti ma wani lokaci haka. A Poschiavo da Tirano nemi pizzoccheri, taliya ce da dankali da kabeji da cuku, babu nama, tana riƙe ciki. Kantunan Coop da Migros na da burodi, madara, kifin gwangwani da 'ya'yan itace, ruwan famfo kuma ana sha. Ranar Lahadi kantuna a rufe suke sai na manyan tashoshi. Kada ka ce za ka yi guzurin kilishi ko dambun nama: an hana shiga da nama daga ƙasashenmu, a filin jirgi za a karɓe. Kuma tun 1 ga Janairun 2025 dokar hana rufe fuska a bainar jama'a ta fara aiki a duk ƙasar. Hijabi ba matsala, niƙabi ne abin ya shafa, gara mai sa shi ta sani tun tana gida.

Wata kuma, wane wata. Makon Kirsimeti da sabuwar shekara otal na ninka kuɗi, yini kuma a lokacin ya fi gajarta. A Janairu akwai makon taron tattalin arziki na Davos, wanda ke cika masaukai a yankin. Daga ƙarshen Janairu zuwa farkon Maris dusa ta zauna sosai, rana ta ƙara fiye da awa guda, kuma a nan ne ma Glacier Express ke fara biyan kuɗinsa. Sai dai a duba kalanda, a 'yan shekarun nan azumi na faɗowa a wannan tsakanin.

Kaya kuwa, kada ka saya a can. Ka je Katangowa ko Yaba, 'yan gwanjo na da jibga-jibgan rigunan sanyi da ba mai taɓawa a Legas, za ka samu a farashin banza. Riga uku a jere ta fi guda mai kauri, don cikin jirgi da ɗumi, kana shiga za ka fara cirewa. A sa kuɗi a takalmi mai kaushin ƙasa wanda ruwa ba ya shiga. Ni da takalmin zuwa ofis na je karon farko, a gaban tashar Pontresina na zauna daɓas a kan ƙanƙara, wata tsohuwa da sandunanta biyu ta miƙo mini hannu. A haɗa da tabarau, hasken rana a kan dusa na kashe ido, da man kaɗanya don leɓe, da abin sauya kan caja, don soket ɗinsu ba irin namu ba ne.

A bayan wata takardar rasit na zana wa Yaya nasa. Ranar farko su sauka Zurik, tashar jirgin ƙasa na ƙarƙashin filin jirgin, awa ɗaya da rabi su kai Chur, su huta, su zaga tsohon garin da yamma. Ta biyu Bernina zuwa Tirano, su dawo da na gama-gari. Ta uku a bar ta a buɗe: in gari ya yi haske su bi kwazazzabon Rhine zuwa Oberalp da Andermatt, in Hajiya ta gaji da zama su hau zuwa Preda su kalli masu sulu a kan katako, hanyar kilomita shida har Bergün, ko su gwada in zuciya ta ba su. Ta huɗu Zurik, tsaraba, jirgi. Otal ɗaya, ba jan akwati, ba inda za su kwana a sama da mita 600.

Ya ninke takardar ya sa a aljihun gaba, ya ce sai ya ji ta bakin mai gayya. Washegari da hantsi sai ga kiran Hajiya.

"Ƙanina, wannan mai tafkin dai shi nake so. Amma gaya mini gaskiya, takalmin nan da kake faɗi, akwai lamba 41 na mata a Katangowa, ko sai na sa na yayanka?"